Ku Tambayi Malama: Wa Ya Koyar Da Malamin Kurame Da Makafi?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. A fitowar da ta wuce na yi magana a kan yaran da ake ɓoyewa a ɗaka saboda ba sa ji ko ba sa gani ko ƙwaƙwalwarsu ba ta ɗauka da sauri, na ce a fito da su a kai su makaranta. Toh tun daga ranar saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce aka yi mata riga daban-daban, wato mun ji Malama za mu kai su, amma wa za mu tarar a ajin? Wa ya koya masa? Wa ya ba shi takardar da ta ce ya iya? Na zaɓo wasu, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam Malama, dan Allah shawara nake nema. Na gama sakandare bara kuma alhamdulillah takarduna sun yi kyau. Ina da ƙani ɗan shekara tara, ya yi sanƙarau yana shekara uku, ya tashi amma kunne ya tafi, tun daga nan ni kaɗai nake gane abun da yake nufi a gidanmu har Umma sai ta ƙwala min kira in zo in mata fassara. Shine nake so in karanci koyar da irinsu amma yayana yace wai wannan ba kwas ba ne, bashi da kasuwa, in yi nas ko in haƙura. Wai da gaske ana karanta shi har a ba mutum kwali? A ina kuma? Daga 'yarki a Funtua.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya miki albarka, wallahi saƙonki ya taɓa ni. Eh ana karanta shi, kwas ne cikakke mai zaman kansa, kuma ya girmi yayan naki nesa ba kusa ba. Tun 1953 'yan mishan suka buɗe makarantar makafi a Gindiri da ke jihar Filato ta yanzu, sannan a 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya ware sashe guda a kan ilimin masu buƙata ta musamman, a shekarar ne kuma gwamnatin tarayya ta buɗe kwaleji sukutum a garin Oyo wadda ba ta da wani aiki sai horar da malaman irin waɗannan yaran. Har gobe tana nan, kuma da yawa daga cikin tsofaffin malaman da za ki gani a makarantun kurame da makafi na Arewa can suka yo.

Hanya biyu ce a gabanki. Ta farko NCE, shekara uku, ita ce mafi ƙarancin takardar da aka yarda mutum ya shiga aji da ita a Najeriya. A Oyo yadda ake yi shi ne za ki ɗauki ɓangare ɗaya, ko na masu larurar ji ko na gani ko na masu jinkirin fahimta da sauransu, sai ki haɗa shi da darasin da za ki koyar kamar Turanci ko lissafi, don kar ki fito kin iya magana da kurma amma ba ki da abun da za ki faɗa masa. Ta biyu digiri, shekara huɗu, kuma ba sai kin tsallaka Kwara ba, Jami'ar Bayero a Kano tana da sashen ilimi na musamman, Jami'ar Jos ma tana da shi kuma ta yi suna a kai sosai, ga Jami'ar Ibadan can. In kin fara da NCE kina iya shiga jami'a daga aji biyu, abun da yara ke cewa DE. Duka dai ta hannun JAMB ake bi, kuma ki tabbata kina da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ki zauna ki karanta ƙa'idar kowace makaranta da kanki kar ki bar wa mai kafe ya zaɓa miki.

Abun da za a koya miki kuwa ya wuce yaren hannu. Za ki karanci yadda kunne yake da yadda ake auna ji, ki iya duba takardar awon kunne ki gane wannan yaron yana da sauran ji da na'ura za ta taimaka masa, wancan kuwa babu. Za ki karanci yadda yaro ke samun harshe tun farko, wanda shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya, don ƙaninki da ya yi shekara uku yana ji yana magana kafin ciwon ba ɗaya yake da wanda aka haifa bai taɓa jin "Umma" ba. Sannan akwai koyarwar gwaji, TP, a nan ne nake roƙonki ki dage a tura ki makarantar da akwai kurame da gaske, ko da ta fi nisa da gida, don akwai masu yin TP a firamaren unguwarsu su dawo da maki mai kyau alhali ko yaro kurma ɗaya ba su tsaya a gabansa ba.

Maganar kasuwa kuma ba zan yi miki ƙarya ba, albashin malami ne, kin san yadda yake a ƙasar nan. Amma a ce babu aiki, wannan kam ba haka ba ne. Makarantu na musamman na jihohi kullum kukan ƙarancin malamai suke, ga masu fassara da kike gani a gefen allon talabijin lokacin labarai, ga asibiti, ga kotu, ga jami'o'in da ke da ɗalibai kurame. Ki samu yayanki cikin ladabi ki nuna masa wannan shafin, ki kuma roƙi Umma ta sa baki, ita da take kiranki fassara ta fi kowa sanin amfanin abun. Shi kuma ƙanin naki in ba a kai shi an auna kunnen ba a kai shi, ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa nan a Kaduna kusa da ku, kuma kar a jira sai kin gama karatu kafin a sa shi a makaranta, shekara tara ba kaɗan ba ce.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. Ni malami ne shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa, NCE gare ni a Hausa da soshiyal, kwatsam aka min canjin wurin aiki zuwa makarantar kurame, wallahi ko gaisuwa ban iya da hannu ba. Wata huɗu kenan rubutu kawai nake cika allo su kwafa, in na juyo sai in ga suna ta magana da hannu suna kallona, ban san me suke cewa ba. Abun yana damuna har bacci ba na yi sosai, ina jin kamar haram nake ci. In nemi a mayar da ni ne ko yaya zan yi? Daga wani malami a jihar Bauchi.

AMSA: Malam sannu, kuma Allah ya saka maka da alheri da ka damu, don akwai waɗanda suka shekara goma a irin wannan halin ko a jikinsu. Laifin ba naka ba ne, na wanda ya zauna a ofis ya ga gurbi ya cike da suna ne, kamar dai duk wanda ya riƙe alli zai iya kowane aji. Na taɓa shiga wata makaranta, ba zan faɗi sunanta ba, na tarar da malami ya juya wa yara baya yana ta bayani da ƙarfi yana rubutu, yara talatin da wani abu kurame duka, minti arba'in cur. Da muka fito na ce masa Malam ai ba su ji ka ba, sai idonsa ya kawo ruwa ya ce Hajiya na sani, to ya zan yi, haka aka turo ni. Ranar ban iya cin abincin rana ba. Abun baƙin cikin kuma a jihar da makarantar take akwai waɗanda suka yi karatun, suna can an tura su firamaren masu ji suna koyar da lissafi.

Ni dai shawarata kar ka nemi canji tukuna, tunda zuciyarka ta motsa. Amma ka san abun da za ka shiga. Yaren hannu harshe ne cikakke da nahawunsa, ba wai nune-nune ba ne irin wanda muke yi wa bebe a kasuwa. Fuska ma tana cikin nahawun, ɗaga gira kawai yana mayar da zance ya koma tambaya, don haka wanda ya ɗaure fuska yana motsa hannu kamar mai karatu ba wasali ne. Kuma a nan Arewa harsuna biyu za ka tarar. Akwai namu na gado, maganar hannu ko maganar bebaye, wadda kuramen ƙasar Hausa suke yi tun kafin boko, a kasuwa da majalisa da wajen sana'a, har wata Bajamushiya masaniyar harshe mai suna Constanze Schmaling ta zauna da kuramen Kano ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000. Sannan akwai na makaranta, wanda asalinsa na Amurka ne. Wani baƙar fatar Amurka ne kurma, Andrew Foster, ya kawo shi, ya fara buɗe makaranta a Gana a 1957, ya zo Ibadan a 1960, ya yi ta horar da malamai a can har da na ƙasashen renon Faransa, shi ya sa za ka ga kurman da ya yi makaranta a Nijar ko Cadi ko Kamaru hannunsa yana kama da na Najeriya. Ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987.

Kaga kenan yaron da ke gabanka wahalarsa ninki uku ce, a gida ana Hausa da baki ba ya ji, a aji ana yaren hannu mai tushen Amurka, a littafi kuma Turanci ne da bai taɓa jin sautinsa ba. Shi ya sa cika allon nan da kake yi, yi haƙuri, zane suke kwafa ba karatu ba. Za ka ga littafinsu tsaf da rubutu mai kyau amma ka nuna kalma ɗaya ka tambayi ma'anarta shiru.

Ga abun da zan ce ka yi daga gobe. Ka nemi malami kurma a makarantar, in babu ka nemi babban ɗalibi ko ka je inda kuramen garin suke zama da yamma, kowane gari akwai, ka sauke girman kai ka ce a koya maka. Harrufan yatsu cikin sati ɗaya za ka haddace, amma kar ka ɗauka ka iya kenan, harrufa ba su ne yaren ba. Kullum ka koyi alamomin darasin gobe tun yau. Kar ka ƙara yin bayani ka juya baya, rubuta, ajiye alli, juyo, sannan ka yi magana. Kar ka tsaya taga tana bayanka don fuskarka za ta yi duhu. A jera kujeru kamar rabin da'ira yadda kowa zai ga hannun kowa. Ka kawo abu a gani a taɓa, in darasin kasuwa ne kawo mudu da kuɗi. Kuma maganar hannu ta gida da yaran suka zo da ita kar ka hana su, wasu malamai suna raina ta wai ta ƙauye ce, alhali ita ce gadar da za ka bi ka kai su ɗayan.

Sai takarda. Da NCE ɗinka kana iya neman DE ka yi digiri a ilimi na musamman, ka nemi izinin ƙaro karatu daga ma'aikata a rubuce, ka kafa hujja da cewa su suka turo ka inda ake buƙatarsa. Shekara goma sha ɗaya a aji ba asara ba ce, ka riga ka san yaro, ka san tsara darasi, harshe ne ya rage maka. Maganar haram kuma, wanda ya tashi yana neman gyara ba ɗaya yake da wanda ya miƙe ƙafa ba, Allah yana ganin niyyarka.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ɗana yana da shekara shida, baya magana sosai baya haɗa ido, baya zama wuri ɗaya, a asibiti suka ce galahanga ce irin wadda ake kira otizim. Na samu wata makarantar kuɗi sunce suna da ƙwararriyar malama ta irin yaran nan, kuɗin kuma ba kaɗan ba, ta nuna min satifiket har guda huɗu a waya. Ni ban san kan abun ba, taya zan gane ta gaske ce? Daga ƙanwarki a Kaduna.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya ya raya miki shi. Kin yi daidai da kika tsaya tambaya, don yanzu abun ya zama hanyar kuɗi a manyan garuruwa, mutum ya je bitar kwana uku a otal ko ya yi wani ɗan kwas a intanet a ba shi takarda mai ado, gobe ya buga kati ya ce shi ƙwararre ne. Ban ce bita ba ta da amfani ba, ni ma ina zuwa, amma ƙari ce a kan tushe, ba ita ce tushen ba.

Takarda iri biyu za ki nema. Ta farko ta makaranta, NCE ko digiri a ilimi na musamman daga kwaleji ko jami'ar da aka sani, kwalejojin ilimi hukumar NCCE ce ke sa musu ido, jami'o'i kuma NUC. Ta biyu rajistar TRCN, wato hukumar yi wa malamai rajista da aka kafa da doka tun 1993. Ita ce ke ba malami lamba da lasisi, ta kasa su gida huɗu, A masu digirin digirgir, B masu digiri na biyu, C masu digirin farko, D masu NCE. Wanda ya yi digirinsa a wani fanni daban sai ya yi difilomar koyarwa ta PGDE kafin ya cancanta. Tun 2017 kuma sai an zauna jarrabawa a kwamfuta, kuma lasisin ba na har abada ba ne, sabunta shi ake yi. Malaman makarantun kuɗi ma dokar ta hau kansu, kar wani ya ce miki ta 'yan gwamnati ce kawai.

Amma fa ki ji wannan da kyau, don shi ne abun da ya fi ci min tuwo a ƙwarya a duk harkar nan. Jarrabawar TRCN ta aikin koyarwa ce gaba ɗaya, tambayoyi ne a zaɓi amsa. Babu inda ake zaunar da kurma a gabanka a ce yi hira da shi mu gani, babu inda ake miƙo maka takardar makafi a ce karanta, babu inda ake kawo yaro irin naki yana kuka yana buga kai a ce kwantar masa da hankali. Don haka lasisin yana gaya miki wannan malama ce, amma bai gaya miki ta iya da ɗanki ba. Ni a ganina ya kamata a ce akwai gwaji na aikace kafin a rubuta wa mutum cewa shi malamin masu buƙata ta musamman ne, kuma kurame da makafi su zauna cikin masu ba da makin, su suka san wanda ya iya.

Kafin a kai can, ke za ki yi gwajin da kanki. Ki roƙi a bar ki ki zauna a bayan aji na awa ɗaya, in suka ƙi sam toh ki yi tunani. Ki ƙirga yara nawa ne a hannunta. Ki tambaye ta me za ta sa a gaba a kan ɗanki cikin wata uku, malamar gaske za ta fara yi miki tambayoyi ne, me yake so, me ke firgita shi, ya yake nuna yana jin ƙishirwa, sannan ta rubuta tsari nasa shi kaɗai da abubuwa ƙanana da za a iya gani, kamar ya zauna minti biyar, ya nuna hoton kofi in yana son ruwa, ya shiga banɗaki da kansa. Kuma za ta ce kema ga naki aikin a gida. Wadda ta ce miki kawo shi cikin zango ɗaya zai warke ya yi magana ras, ko ta fara kawo miki maganin sha, ɗauki ɗanki ki tafi. Malami ba likita ba ne.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni makaho ne, da waya mai magana nake turo miki wannan. Na haddace Alƙur'ani, na yi sakandare a makarantar makafi, na iya rubutunmu sosai, burina in zama malami amma mutane suna ce min wa zai ɗauki makaho ya koyar, ya za ka duba littafin yara. Shin doka ta yarda? Daga ɗanki a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, masha Allah, Allah ya ƙara albarka. Doka ta yarda, har ma tana bayanka. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta a ƙi mutum saboda larurarsa, ta kuma ce ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙari aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su zama masu buƙata ta musamman, an kuma kafa hukuma ta ƙasa a 2020 da za ka iya kai mata kuka. JAMB ma tana da tsari na daban da take yi wa makafi jarrabawa a wasu cibiyoyi, sai dai ka tabbata ka bayyana larurarka tun wajen rajista. Kwalejin Oyo da na ambata cike take da ɗalibai makafi da kurame, kuma cikin malamanta ma akwai su.

Masu ce maka wa zai ɗauki makaho, ka tambaye su a ƙasar nan tamu yau aka fara ganin makaho yana ba da karatu? Malamai nawa muka tashi muka gani a zaure ba sa gani, ana biya musu suna gyara wa mai ido wasali? Abdullahi ɗan Ummi Maktum da aka saukar da farkon suratu Abasa a kansa ai neman ilimi ya je yi, kuma shi ne ya zama ladani, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan bar masa Madina in zai yi tafiya.

Kuma bari in gaya maka, a ajin makafi kai ka fi mu. Rubutun makafi, wato birel, ɗigo shida ne kacal a kowane gida, ana jujjuya su su ba da siffa 63, tun ƙarni na 19 da Louis Braille ya tsara shi a Faransa, amma da yawan malamai masu ido da ido suke karanta shi, a daddafe, har su gama kwas ba su taɓa sa yatsa ba. Kai ka san yadda ake huda takarda daga dama zuwa hagu a juya a karanta daga hagu zuwa dama, ka san inda yaro ke rikicewa don kai ma ka rikice a wurin, ka san yadda ake riƙe farar sanda a tsallaka kwata. Wannan ba a samunsa a lacca. Abun da zan ce ka ƙara shi ne kwamfuta, ka ƙware da manhajar da ke karanta allo kamar NVDA wadda kyauta ce, ka iya taifin da sauri, don ita za ta raba ka da dogaro da mai karanta maka. Duba littafin yara masu ido kuma ana yi da mataimaki ya karanta kai ka yanke maki, ba wani abu ba ne sabo. Je ka yi rajista ɗana, in ka samu gurbi ka turo min in taya ka murna.

TAMBAYA: Malama ni hedimasta ne a ƙauye, muna da yara uku kurame da wata yarinya da ba ta gani sosai, ba ni da malami ko ɗaya da ya karanci fannin. An ce doka ta ce dole a ba mu, gaskiya ne? Daga jihar Jigawa.

AMSA: Gaskiya ne ranka ya daɗe, dokar 2019 ɗin nan ta ce kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar saboda irin waɗannan yaran. Rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ka sa yawan yaran da ajinsu da larurar kowa, ka ajiye kwafi, ka sa shugaban kwamitin makaranta da mai gari su sa hannu. Kafin nan ka binciki takardun malaman yankinku, ba mamaki akwai mai NCE a fannin yana makarantar da ke kusa da ku ba wanda ya sani. Yarinyar kuma a dawo da ita layin gaba yau ɗin nan, a riƙa yi mata rubutu manya, a kai ta a duba idon, wataƙila tabarau ne kawai matsalar.

TAMBAYA: Malama mu fa 'yan Islamiyya an manta da mu a maganar nan. Ina koyarwa a Islamiyyar dare, akwai wata budurwa kurma da ke biyo ƙawayenta kullum ta zauna a baya, tana sallah tana bin abun da ake yi amma ban san me ta sani ba, ko Fatiha ban san ko ta iya ba. Mu ina za mu samu horo? Daga 'yar'uwarki a Sakkwato.

AMSA: Ba a manta da ku ba 'yar'uwa, ni kam wannan tambayar ita ta fi tsaya min a rai cikin duk na wannan watan. Muna da kurame manya, magidanta da matan aure, da suka tashi cikin gidan Musulunci suna ruku'u suna sujada tare da kowa, amma ba a taɓa zama an yi musu bayanin tsarki ko azumi ko abun da ake cewa a huɗuba da harshen da suke ganewa ba. Makafi sun fi samun sauƙi don karatunmu na ji ne da hadda, ga shi kuma yanzu akwai Alƙur'ani da aka buga da birel na Larabci. Kurma kuwa kunnen da muke zuba karatun ta cikinsa shi ne babu.

Ƙofar da na faɗa wa 'yata ta Funtua kema a buɗe take gare ki, in kina da takardun sakandare kina iya yin NCE ko digiri a fannin ki dawo Islamiyyarki da shi, kuma ina kira ga masu Islamiyyu da ƙungiyoyin addini su ɗauki nauyin mutum ɗaya ko biyu su yi wannan karatun kamar yadda ake ɗaukar nauyin mai zuwa karatun ƙira'a. Amma budurwar nan ba za ta jira shekara uku ba. Cikin ƙawayen da take biyowa akwai wadda ta fi gane ta, ita za ki fara kamawa. Ki binciko ko ta taɓa yin boko, in ta iya karatu ko kaɗan ne sai ki haɗa da rubutu, in ba ta iya ba sai nuni da hoto da aikatawa. Dawo da ita gaba kusa da ke inda fitila ke haska fuskarki, in kina sa niƙabi ki ɗage tunda mata ne zalla, don da fuskarki za ta ji ki. Fara da alwala, kawo buta cikin aji ki yi ta gani ta yi ki gani, sannan ki bar ta ta nuna miki alamar da take yi wa Allah da sallah da azumi a hannunta, ki karɓi nata ki yi amfani da su. Hukuncin karatun sallarta kuma ki kai wa malaman fiƙihu na garinku su yi miki bayani, sai ki isar mata. Ki ware mata minti goma kafin a tashi kullum, kuma ki fara tambayar sunan da kurame 'yan'uwanta suke kiranta da shi a hannu, ki koye shi ki kira ta da shi gobe da daddare.